Akwatin Mai Gyara: wayar jagwal, fawabank mai yashi da kuɗin taransifoma

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, wasu har sau uku suka turo abu ɗaya suna cewa na share su, wallahi ba sharewa ba ce, shafin ne ba ya ɗauka. Na zaɓi waɗanda na ga matsalar ta shafi mutane da yawa. Masu tambayar wace waya ce ta fi kyamara ku yi haƙuri, ku tambayi ƙannenku mata, sun fi ni sani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, na daɗe ina tara kuɗi yanzu sun kai dubu 120, ina so in sai waya. Abokaina sun ce in shiga Farm Centre wajen 'yan jagwal in ɗauko iPhone ta hannu, wai ta fi aji, yayana kuma ya ce in sai sabuwar Tecno ko itel a kwali in huta. Ni dai gaskiya raina yana kan iPhone ɗin. Me ka gani?
Wani ɗalibi daga Rijiyar Zaki

AMSA: Ƙanina ai ka riga ka ba kanka amsa tunda ka ce ranka na kanta, kawai so kake in sa maka hannu, to ba zan sa ba sai na faɗa maka abin da idona ya gani. Kwanaki wani yaro kamar kai ya zo teburina da iPhone X, yana ta juya ta a hannu yana goge bayan da gefen riga, kwana huɗu da saye, wai caji ne ba ta riƙewa. Na buɗe, sikirin ɗin ba nata ba ne, batirin ya kumbura har ya fara ɗaga gilashi, sukurori biyu babu, an manne gefe da gam. Ya tsaya yana kallona yana cewa "ai ce min aka yi Landan yus ce". Na ce ƙila ta je Landan ɗin, amma ta biya ta hannun masu gyara uku kafin ta iso gare ka.

iPhone X fa tun 2017 ta fito. Lissafa shekarun da kanka. Ita da iPhone 8 sun tsaya a iOS 16, wato zubi na 16 na babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone, ba za su ƙara gaba ba, kuma a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 6 da 5s saboda tsufan manhajarsu, wato kowacce tana da ranarta. Da kuɗin da ka faɗa abin da za ka samu tsohuwa ce irin wannan, ba ta bara ba.

Ba wai ina kushe 'yan jagwal ba ne, a cikinsu na girma, akwai masu amana da za su ce maka "an canja mata sikirin, ga ragin da zan yi maka", irin waɗannan ka riƙe su. In ka nace sai ta hannun, to ka tafi da wanda ya san waya, kada ka je da yamma ana gaggawar rufe shago. Ka danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce IMEI, lambar shaidar wayar, ka duba ta yi daidai da wadda ke cikin saitin, a rubuta maka ita a jikin rasit tare da sunan shago da lambar mai shagon. Ka duba lafiyar batir a saitin, in ya yi ƙasa da 80 to ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka. A cire iCloud ɗin mai ita, wato akawun ɗinsa na Apple da ke kulle wayar, a gabanka, a goge wayar tas, ka sa naka da hannunka, in aka ce maka "ka tafi da ita gobe za a cire" ka ajiye musu kayansu ka kama hanya. Ka sa sim ɗinka ka kira wani, ka gwada sifika da makirfo da kyamarar gaba da ta baya, ka jona caja ka ga tana hawa.

Maganar rasit ɗin nan kuwa ba wasa nake ba. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan, an soki mutane saboda wayar da ba ta kai kuɗin akuya ba, kuma wayoyin nan ba cinye su ɓarayin suke ba, sayarwa suke. Wanda ya tare ka a bakin titi ko a cikin adaidaita ya ce ga waya a rabin kuɗi matarsa ce ke asibiti, ranar da aka bi sawun IMEI ɗin hannunka za a same ta, kai za ka kwana a ofishin 'yan sanda kana rantsuwa, shi kuwa ko sunansa ba ka sani ba.

Ra'ayina dai yayanka ya fi abokanka gaskiya. Tecno da Infinix da itel duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na ƙasar Sin, kuma dalilin da ya sa suka cika hannun mutane a nan shi ne sim biyu, babban batir, ga kayan gyaransu ko a titin Beirut ko a Farm Centre kamar gyaɗa. Ɗalibin da wuta ba ta zama a ɗakinsa batir 5000 ya fi masa amfani a kan tuffa a bayan waya. Aji kuma in ka gama makaranta ka fara samu sai ka saya da hujja.

TAMBAYA: Salam. Dan Allah na sai fawabank a danja wajen masu yawo da shi, an rubuta 50000 a jiki, amma ko sau ɗaya bai cika min waya ba yake mutuwa. Ko ni ce ban iya cajinsa ba?
Wata Hajiya daga Gwammaja

AMSA: Hajiya kin iya caji, kayan ne ba su da gaskiya. Na taɓa fasa irinsa a gaban mai shi don ya daina musu da ni, ƙwayar batir ɗaya ce tal a ciki ƙarama, sauran gurbin an cusa leda biyu cike da yashi don ya yi nauyi a hannu. Rubutun jiki ai fenti ne, ko miliyan suka ga dama sai su buga.

Ko na gaskiyan ma akwai abin da mutane ba sa ganewa. In an rubuta 20000, wannan lissafin a kan bolt 3.7 na batirin ciki aka yi shi, ita kuwa waya bolt 5 take karɓa ko fiye, wajen ɗaga wutar wani kaso yana tafiya a zafi, sai ki ga abin da zai shiga wayar bai wuce kamar kashi biyu cikin uku ba. Wato waya mai batir 5000 zai cika ta sau biyu da ɗan ɗori, ba sau huɗu ba kamar yadda lissafin makaranta zai ba ki. Duk wanda ya zo min yana faɗa wai an cuce shi a kan wannan sai in zaunar da shi in yi masa bayani, wannan ba cuta ba ce. Naki kam cuta ce. Na gaskiya mai 50000 katoto ne kamar bulo, ba ya shiga jakar hannu da daɗi, kuma kuɗinsa ba na danja ba ne. Nan gaba ki shiga shago wanda in kin dawo gobe za ki tarar da shi a inda kika bar shi.

Kuma dan Allah, har da sauran masu karatu, a daina barin fawabank ko waya a kan gaban mota cikin ranar Afrilu, ko a tura ƙarƙashin filo ana caji. Zafin Kano yana haura 40 a inuwa ma, batirin lithium kuwa ba abin da ke kashe shi kamar zafi, wanda ya kumbura kuma a rabu da shi kada a ce za a matse shi ya koma.

TAMBAYA: Malam mai gyara, ni ba tambayar waya ce da ni ba. Taransifomar unguwarmu ta ƙone karo na uku ke nan cikin shekara biyu, kowane karo kwamiti ya bi gida gida dubu biyar biyar, masu shago dubu goma. Mun biya an gyara, wata ya ƙare kuma sai ga bil an kawo kamar ba a yi wata guda cikin duhu ba, ga shi ba mu da mita. Yanzu sun sake zuwa. In biya ko kada in biya? Na gaji wallahi.
Wani dattijo daga Kurna

AMSA: Baba sannu da haƙuri, Allah ya ƙara girma. Zan faɗa maka abin da doka ta ce sannan in faɗa maka abin da ni kaina na yi, don ba ɗaya ba ne.

Hukumar da ke kula da harkar wuta a ƙasa, NERC, ta sha nanatawa cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi da gyaransu ba aikin mai amfani da wuta ba ne, aikin kamfanin rarrabawa ne, don kuɗin yana cikin bil ɗin da ake biya. Tun Nuwamban 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wutar ga 'yan kasuwa, ba gwamnati ba ce yanzu, duk da har gobe in aka kawo wuta yara "NEPA!" suke ihu. In jama'a sun ga ba za su iya jira ba suna son su sa kuɗinsu, to ƙa'ida ita ce a zauna da kamfani a rubuta yarjejeniya kafin a kashe ko kwabo, yadda za a mayar musu da kuɗin ta hanyar rage bil ko ba su wuta. Mu kuwa me muke yi, mu tara kuɗi a leda mu miƙa wa wani da ya zo da tsani, babu takarda babu sa hannu, gobe taransifomar da muka gyara da guminmu ta zama kayan kamfani kuma ba wanda zai ce mana an gode.

Haka maganar bil na ƙiyasi. Wanda ba shi da mita akwai iyakar da hukumar ta sa wadda ba a yarda a wuce ba, kuma ba daidai ba ne a caje ku watan da taransifoma ke kwance. Hanyar ita ce ku rubuta ƙorafi, ba da baki ba, a takarda, da ranar da ta ƙone da ranar da aka gyara da lambobin bil na gidajen, mutum goma ko ashirin su sa hannu, ku kai sashen ƙorafi na kamfanin ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a yi komai ba sai ku ɗauki kwafin ku kai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, akwai shi a nan Kano. Ku kuma tambaya layinku a wane rukuni yake, don tun da aka kasa mutane gida biyar, rukunin A awa 20 ya kamata su samu a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, kuma 'yan A ɗin su ne a Afrilun 2024 aka ɗaga musu kuɗi daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit kafin a ɗan rage. Mutum ya san a ina aka ajiye shi kafin ya san me zai nema.

To ni me na yi da tamu ta ƙone? Na biya Baba. Uwargida na da firiza tana sai da ƙanƙara da zoɓo, yara ba sa barci saboda zafi da sauro, na ce in tsaya bin takarda sai damina ta wuce. Don haka ba zan zauna a nan in ce maka kai ka ƙi biya ka ɓata da maƙwabtan da za su ɗauki gawarka ba. Amma wannan karon ka sa sharaɗi a gaban mai unguwa: a rubuta sunan duk wanda ya bayar da nawa ya bayar a manna a ƙofar masallaci, a kawo rasit na abin da aka saya, kuma wasiƙar nan ta tafi ko da an gyara. Sannan ku tambayi kanku me ya sa take ƙonewa sau uku. Sau da yawa lodi ne ya fi ƙarfinta, an ba da ita don gida ɗari yanzu gida ɗari uku ne a kai, ga mai walda ga mai injin markaɗe ga masu hita da suka zagaye, wani lokacin kuma ɓarayi ne ke zuƙe man cikinta da dare, ita kuwa ba mai sai ta gasa kanta. In ba a raba lodin ba ko an kewaye ta da waya an sa mata ido, dubu biyar ta huɗu tana nan tafe.

TAMBAYA: Yaya data ta ba ta kwana biyu yanzu, da kuwa sati take min. Anya ba sata suke ba?
Wata amarya daga Sharaɗa

AMSA: Amarya kuɗin dai an ƙara, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin layi ƙarin da ya kai kashi 50, don haka abin da dubu ɗaya ke saya miki da ba shi take saya yanzu ba. Amma kafin ki ce sata shiga saitin wajen amfani da data ki ga wa ya fi ci, na ci amana in ba TikTok ba ne a sama. Kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, guruf ɗin 'yan biki kaɗai ya isa ya cinye miki giga, ki hana Play Store sabunta manhaja sai a waifai, ki canja fasawod ɗin hotspot don ƙannen miji ba sa faɗa in sun hau. *323# zai nuna miki ragowar data a kowane layi. In kati ne ke zarewa da kansa to wataƙila an jona ki da wani tsarin waƙa ko wasa ba ki sani ba, 305 ce lambar tsayar da su, saƙonnin talla kuma ki tura STOP zuwa 2442. In kin kira kamfanin a 300 ba su share miki hawaye ba, 622 ta hukumar ce kuma kyauta ake kira.

TAMBAYA: Malam an kwashe WhatsApp ɗin mahaifiyata. Wani ya kira ta ya ce daga ƙungiyarsu ta islamiyya ne za a yi taro ta intanet, ta karanto masa lambar da aka turo mata. Yanzu yana ta bin 'yan'uwa yana roƙon kuɗi da sunanta, har ƙanwarta ta tura dubu 30. Ya za mu yi?
Wani ɗan adaidaita daga Ɗorayi

AMSA: Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri. Ɗan'uwa ajiye tuƙin nan na awa ɗaya ka je gida. Sim ɗin yana hannun Mama ai, to sake shigar da lambarta a WhatsApp, za a turo sabuwar lamba shida ta saƙo, kana sawa shi zai faɗo daga can. In ɓarawon ya riga ya sa nasa fin na mataki biyu, wato lambar sirri ta ƙarin tsaro a WhatsApp, za a ce ku jira kwana 7, ku jira, amma shi ma an riga an fitar da shi tun lokacin da kuka sa lambar. Kafin nan a kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya da murya a faɗa musu, kada a dogara da sitatus. Ita kuma Anti ta je bankinta yau ɗin nan da shaidar tiransifa ta shigar da ƙorafi, in an yi sa'a kuɗin bai fita daga ɗaya akawun ɗin ba ana iya riƙe shi, in aka kwana biyu kuwa sai dai addu'a.

In ta dawo ka sa mata fin na mataki biyu da kanka. Kuma kada ka yi mata faɗa, mutanen nan sana'arsu ke nan, da sallama da "Hajiya ya jikin" suke farawa, na ga malamin makaranta da suka yi wa haka. Ka dai ce mata duk lambar da ta shigo wayarta, ta WhatsApp ce ko ta banki, ko BVN ko lambar bayan kati, kamar mukullin ɗakinta ce, ko ni na kira na ce ta karanto ta kashe wayar. Kai ma da kake yawo da waya a aljihun gaba cikin cunkoson Kantin Kwari da Bata, sa wa sim ɗinka fin, don ɓarawon yanzu ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin yake cirewa ya sa a ƙaramar waya ya nemi akawun ɗinka. Ranar da waya ta ɓata layi da banki ake fara rufewa kafin a zauna jimami.

TAMBAYA: Kawu ni matsalata maƙwabciyata ce, da hadari ya haɗo sai ta turo yara su juye bola a kwata wai ruwa zai tafi da ita, ƙarshe a ƙofar gidana take tsayawa ruwa ya shigo min har tsakar gida. Na yi magana ta ce ba kwatar ubana ba ce.
Wata uwa daga Fagge

AMSA: Ta yi gaskiya ba ta ubanki ba ce, amma ba ta nata uban ba ce ita ma. Wannan ɗabi'ar ta juye shara in an ga hadari ita ke cika mana lunguna da ruwa duk Agusta, ledar fiyawata da robar lemo ba narkewa suke ba, gaba kaɗan suke zuwa su toshe, kowa ya leƙa rafin Jakara ya ga inda sharar cikin gari ke ƙarewa. Kada ki ƙara tanka mata, faɗan mata a ƙofar gida ba ya gyara kwata. Maigidanki ya sami nata maigidan bayan sallar magariba, in bai ji ba a kai wa mai unguwa. Abin da na ga ya yi aiki a layinmu shi ne gida takwas muka haɗa muke ba wani yaro mai baro ɗan abu duk sati yana kwashewa ya kai inda motar shara ke ɗauka, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kuma da ake tsaftar muhalli samari su fito da shebur kafin ƙarfe 10. Ki sa a gayyace ta cikin tsarin, sau da yawa mai juyewa a kwata rasa inda za ta kai ta yi, kunyar faɗa kuma ta koma rashin kunya.

TAMBAYA: Wayata ta faɗa bokitin wanki, an ce in binne ta a shinkafa kwana uku. Haka ne?
Wata ɗaliba daga Kabuga

AMSA: A'a ƙanwata, shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ya shiga ƙarƙashin bod, sai ma ƙurarta ta toshe miki wajen caji, ga ruwan omo yana cin ƙarfe da sauri fiye da ruwan famfo. Kashe ta yanzu, cire sim da memori, kada ki jona caja kada ki yi ta dannawa don ki ga ko ta tashi, nan ne take ƙonewa. Ki kai wa mai gyara yau ya buɗe ya cire batir ya wanke bod ɗin da sinadarin wankewa ya busar. Kuma ki faɗa masa gaskiya ruwan wanki ne, kada ki ce "haka kawai ta ɗauke", muna buɗewa muke jin ƙamshin sabulu.